Ƙwayoyin Cutar Da Suka Daina Jin Magani Da Halin Marasa Lafiya A Sashen Gobe-Da-Nisa: Bayani Ga Al'ummar Duwala

Antibiyotik magani ne da ke kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, ko ya hana su hayayyafa har jiki ya yi galaba a kansu. Amoksisilin, amfikulos, Bactrim, Flagyl, sifro da allurar seftiriyazon da ake yi a jijiya, ana lissafa su duka a wannan gida. Idan aka ce ƙwayar cuta ta bijire wa magani, ana nufin maganin da yake kashe ta a da, yanzu ba ya yi mata komai. Wanda wannan matsala ta fi cutarwa shi ne mara lafiyar da ke kwance rai a hannun Allah a sashen gobe-da-nisa, wanda a asibitocin Duwala ake kira reyanimasiyon. Irin wannan bawan Allah ba shi da kwanakin da za a yi ta gwada magani ɗaya bayan ɗaya a kansa.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ƙarfin maganin da zai ceci mutum a wannan sashe dukiya ce ta jama'a baki ɗaya, tamkar rijiyar unguwa. Ana tattalinta ko a ɓarnatar da ita tun daga gida, kasuwa da garke, tun kafin a kai kowa asibiti.

Abin da antibiyotik yake yi da abin da ba ya yi

Ƙwayoyin da ke sa mutum ciwo iri-iri ne. Akwai bakteriya, masu haddasa taifot, ciwon sanyin mafitsara, ruɓewar rauni, sanƙarau da yawancin nimoniya mai tsanani. Akwai bairas, masu kawo mura, yawancin tari da ciwon maƙogwaro, ƙyanda, korona da galibin gudawar ƙananan yara. Sai kuma ƙwayar maleriya da sauro ke yaɗawa, wadda take da nata maganin daban.

Antibiyotik ba ya taɓa bairas ko kaɗan. Wanda ya sha amoksisilin saboda mura, murarsa za ta tafi ne a kwanakin da dama za ta tafi. Haka nan shi ba maganin gajiya ba ne, ba ya wanke jini, ba ya wanke ciki bayan haihuwa ko bayan al'ada, kuma ba ya sauke zazzaɓi kamar yadda farasitamol ke yi. Yaro mai gudawar ruwa, abin da ke ceto ransa shi ne ruwan gishiri da suga tare da ƙwayar zink.

Annobar korona ta nuna yadda wannan ruɗani ya kai har cikin asibitoci. A watan Afrilun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kashi 8 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka kwantar saboda korona suke da cutar bakteriya a haɗe, amma kusan kashi 75 cikin 100 aka ba antibiyotik.

Yadda ƙwayar cuta take koyon bijirewa

Jikin mutum ba shi ne yake sabawa da magani ba, ƙwayar cutar ce take sauyawa. Saboda haka wanda bai taɓa shan kafso ba a rayuwarsa zai iya kamuwa da ƙwayar da ta riga ta bijire a jikin wani.

Bakteriya suna hayayyafa cikin sauri. Idan yanayi ya yi mata daɗi, ƙwayar E. coli takan rabu biyu duk minti 20, har guda ɗaya ta haura miliyan 2 cikin awa 7. A cikin wannan taro ba a rasa 'yan kaɗan da suka zo da wata kariya. Wasu suna fitar da sinadarin da ke karya maganin, wasu suna tunkuɗo shi waje, wasu suna sauya wurin da maganin yake kamawa a jikinsu. Idan aka sha magani ba bisa ƙa'ida ba, raunana su mutu, masu kariya su samu fili su yaɗu. Abin da ya ƙara dagula lamarin, bakteriya suna iya miƙa wa juna wannan kariya ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

A cikin hanjin kowane mutum akwai bakteriya masu yawan gaske da ke zaune lafiya. Duk lokacin da aka sha antibiyotik su ma sai sun ɗanɗana. Mutum zai iya ɗauke da masu bijirewa a hanjinsa tsawon watanni yana harkokinsa. Ranar da aka yi masa tiyata, ko ya yi hatsarin babur, ko ciwon suga ya karya masa garkuwa, sai su samu ƙofar shiga jini.

Matsalar ta daɗe. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan maganin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin jure masa. A 1961 aka ba da rahoton ƙwayar Staphylococcus aureus mai bijire wa metisilin a Ingila. A 2008 aka gano wata kariya da aka sa wa suna NDM-1 a jikin wani mara lafiya a Suwidin wanda ya yi jinya a birnin New Delhi, kariyar da ke karya wasu daga cikin allurai mafi ƙarfi da likitoci suke da su. A 2015 masana a ƙasar Sin suka sanar da gano wata kariyar da ke yaɗuwa tsakanin bakteriya a kan kolistin, maganin da ake komawa gare shi idan saura sun gaza.

Girman matsalar

Babban binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a Janairun 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma matsalar tana da hannu a mutuwar mutum miliyan 4.95. Kusan ɗaya cikin biyar na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yankin da ya fi kowane yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a shi ne yammacin Afirka kudu da Sahara, mutum 27.3 cikin kowane 100,000. A rabon yankunan wannan bincike, Kamaru, Nijeriya da Nijar duk suna cikin wannan yanki.

Ƙwayoyi shida ne suka fi kisa: E. coli, Staphylococcus aureus, Klebsiella pneumoniae, Streptococcus pneumoniae, Acinetobacter baumannii da Pseudomonas aeruginosa. Yawancinsu sanannu ne a sashen gobe-da-nisa.

A watan Satumban 2024 ƙasashen duniya suka amince a babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage waɗannan mace-mace da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Ana kuma gudanar da makon wayar da kai a kan batun daga 18 zuwa 24 ga Nuwamban kowace shekara.

Halin da ake ciki a Duwala

Wanda ciwo ya yi wa tsanani a New Bell, Nkololoun ko Bonapriso, galibi inda ake ƙarewa da shi shi ne Asibitin Laquintinie da ke Akwa, ko Babban Asibitin Duwala, ko asibitin mata da yara da ke Yassa, ko ɗaya daga cikin asibitocin kuɗi. A can ne mai sayen magani a farmasin Bonapriso da takardar likita yake haɗuwa da mai sayen kafso biyu a bakin kasuwa, gado kusa da gado, kuma ƙwayar cuta ba ta tambayar unguwar mutum.

Ɗakin gwaje-gwajen Babban Asibitin Duwala ya bi diddigin wannan lamari. Wani bincike da Cécile Okalla Ebongue da abokan aikinta suka wallafa a 2015 a mujallar Pan African Medical Journal ya duba ƙwayoyin dangin E. coli sama da 4,000 da aka samu a jikin marasa lafiya daga 2005 zuwa 2012. E. coli da Klebsiella ne suka fi yawa. An samu bijirewa mai yawa ga amoksisilin da kotirimoksazol, wato Bactrim, sannan bijirewa ga dangin seftiriyazon da sifro tana ƙaruwa a tsawon shekarun. Imifenem da amikasin suna cikin waɗanda suka fi ci gaba da aiki. Ma'anar wannan ga talaka a fili take: magunguna masu araha da ake haɗiya suna raguwa, abin da ya saura allurai ne masu tsada da sai an kwanta asibiti ake yin su.

A 2019 Mohamed Moctar Mouiche na Jami'ar Ngaundere da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a faɗin Kamaru, suka nuna cewa bijirewar tana nan a jikin mutane, a jikin dabbobi da kuma cikin muhalli. Gwamnatin Kamaru ta fitar da tsarinta na ƙasa don yaƙi da matsalar na shekarun 2018 zuwa 2020.

Babban giɓin shi ne gwaji. Wani nazari da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Tarayyar Afirka da abokan hulɗarta suka fitar a 2022 a kan ƙasashe 14, ciki har da Kamaru da Nijeriya, ya gano cewa kashi 1.3 cikin 100 ne kacal na ɗakunan gwaje-gwaje kimanin 50,000 suke gwajin bakteriya. Inda babu gwaji, likita lalube yake yi a cikin duhu, kuma mai lalube yakan ɗauko magani mafi ƙarfi don gudun kuskure.

Dalilin da ya sa sashen gobe-da-nisa ya fi haɗari

Fata da maƙogwaro da mafitsara katanga ce da Allah Ya yi wa jiki. A wannan sashe dole ake huda katangar don ceton rai: robar numfashi a maƙogwaro, robar fitsari, babbar allura a jijiyar wuya, ga raunin tiyata ko na ƙuna. Kowace ɗaya hanya ce ga ƙwayar cuta. Ga shi garkuwar mara lafiyar ta yi rauni, ga hannaye da yawa suna taɓa shi dare da rana, ga kusan kowa a ɗakin yana kan antibiyotik. Wasu ƙwayoyin, irin su Acinetobacter, suna iya rayuwa makonni a jikin ƙarfen gado da na'urori.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce cikin kowane mutum 100 da aka kwantar a asibiti, 7 a ƙasashe masu arziki da 15 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna kamuwa da wata cutar a cikin asibitin, kuma ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu yakan rasu. A sashen gobe-da-nisa adadin masu kamuwa ya fi haka.

Abin da ake tsoro shi ne sefsis. Wannan yanayi ne da ƙwayar cuta take tayar da garkuwar jiki ta yi faɗan da ya wuce kima, har ta shiga lalata ƙoda, huhu da ƙwaƙwalwa, jini kuma ya faɗi ƙasa. An ƙiyasta cewa a 2017 mutum miliyan 48.9 suka shiga wannan hali a duniya, miliyan 11 suka mutu. Jarirai bakwaini, mata masu jego, masu sikila, masu ciwon suga, masu wankin ƙoda da tsofaffi sun fi shiga haɗari.

Ƙa'idar ba da antibiyotik ga mai tsananin ciwo

Tattalin antibiyotik ba ya nufin hana mai buƙata. A ƙasashenmu rashin samun maganin da ya dace a kan lokaci shi ma yana kashe mutane da yawa. Ga matakan da likitoci suke bi:

Na farko, gaggawa. Idan ana zargin sefsis kuma jini ya faɗi, ƙa'idojin duniya na 2021 sun ce a fara antibiyotik cikin awa ɗaya. A wannan mataki akan fara da magani mai faɗin aiki, tun da ba a san ƙwayar ba tukuna.

Na biyu, ɗaukar samfuri. Kafin allurar farko ana ɗibar jini, fitsari, majina ko mugunya a kai ɗakin gwaji, muddin hakan ba zai jawo jinkiri ba. A can ake renon ƙwayar har ta tsiro, a gane sunanta, a gwada magunguna a kanta. Wannan shi ne antibiyogram, kuma yakan ɗauki awa 48 zuwa 72.

Na uku, kawar da tushen ciwon. Ƙurjin da ya tara mugunya sai an tsaga, hanjin da ya fashe sai an ɗinke, robar da ta gurɓata sai an cire. Babu allurar da za ta maye gurbin wannan.

Na huɗu, sassautawa. Idan sakamako ya fito, likita yakan sauko daga babban magani zuwa wanda ya dace da ƙwayar kaɗai, ko ya dakatar idan ta tabbata ba bakteriya ba ce. 'Yan'uwa da yawa sukan ɗauka an rage wa nasu kulawa ne saboda an ga ba su da kuɗi. Sau da yawa wannan sauyi alama ce ta cewa an gano bakin zaren.

Na biyar, taƙaita kwanaki. Wani bincike da aka yi a Faransa aka wallafa a 2003 ya kwatanta kwana 8 da kwana 15 na magani ga masu nimoniyar na'urar numfashi, ya samu cewa mace-macen ba su bambanta ba, kuma waɗanda suka yi gajeren zango sun fi tsira daga ƙwayoyi masu bijirewa idan ciwon ya dawo. Haka allurar kariya ta tiyata: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi ta cikin minti 120 kafin yanka, kada a ci gaba da ita kwanaki bayan an gama aiki idan babu alamar cuta.

Magani mai ƙarfi yana da nasa farashin a jiki. Jentamisin da amikasin suna iya taɓa ƙoda da ji. Kolistin tsohon magani ne da aka taɓa ajiyewa saboda illarsa ga ƙoda, rashin mafita ce ta dawo da shi.

Rukunan magani uku

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibiyotik gida uku. Rukunin farko na yau da kullum ne, irin su amoksisilin, kotirimoksazol, metronidazol, doksisaikilin da jentamisin, waɗanda suke isa ga yawancin cututtukan da aka saba gani. Rukuni na biyu na sa-ido ne, irin su seftiriyazon, sifro, azitiromaisin, bankomaisin da merofenem, waɗanda suka fi saurin haifar da bijirewa. Rukuni na uku na ajiya ne, irin su kolistin da linezolid, ba a taɓa su sai komai ya gaza. Burin da ƙasashe suka ɗauka a 2024 shi ne aƙalla kashi 70 cikin 100 na antibiyotik da mutane ke amfani da shi ya zama daga rukunin farko.

A lura da seftiriyazon. Allura ce da ake dogara da ita wajen sanƙarau da nimoniya mai tsanani, amma ga shi ta zama abin da ake yi wa mai ɗan zazzaɓi a ɗakin kwana. Kowace irin wannan allura ragi ce daga rabon wanda gobe za a kai asibiti ranga-ranga.

Inda ake ɓarnatar da maganin

A kasuwa. Duk mazaunin New Bell ya san wurin da ake kira Gazon a Babbar Kasuwa, da masu yawo da magani a tire da jaka. Dokar Kamaru ta keɓe sayar da magani ga masu lasisin farmasi, kuma hukumomi sun sha kai samame suna ƙona abin da suka kama, amma talauci yana mayar da mutane can. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko mara inganci, kuma antibiyotik da maganin maleriya ne aka fi kawo rahotonsu. Ko maganin na gaske ne, zafin rana da danshin Duwala suna rage masa ƙarfi. Kafson da ke ɗauke da rabin sinadari ba ya kashe ƙwayar, horar da ita yake yi.

A gida. Ana sayen na kwana biyu gwargwadon kuɗin aljihu, ana ajiye ragowa don wani ciwon, ana ba maƙwabci, ana buɗe kafso a barbaɗa a gyambo ko a zuba a koko. Akwai kuma al'adar kiran kowane zazzaɓi taifot. Gwajin Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifot, domin yakan nuna alama ga wanda ya taɓa yin ciwon a baya, har ma ga mai maleriya.

A garke da gidan kaji. Oksitetirasaikilin da makamantansa ana ɗura wa shanu da kaji ba tare da likitan dabbobi ba, wani lokaci don su yi ƙiba kawai. Tarayyar Turai ta haramta ba dabbobi antibiyotik don ƙiba tun 2006. Kowane maganin dabba yana da kwanakin da aka rubuta a jira kafin a yanka ta ko a sha nononta. Wannan amana ce a wuyan makiyaya, dillalai da mahauta, sana'o'in da jama'armu suke da babban kaso a cikinsu.

A ruwa. Duwala gari ne mai yawan ruwan sama, kuma idan kwatoci suka cika, ƙazantar masai takan shiga rijiyoyi. Ta nan ƙwayoyin hanji masu bijirewa suke tashi daga gida zuwa gida. Tsabtataccen ruwa da allurar rigakafin yara suna rage ciwon da zai sa a nemi antibiyotik tun farko. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Abin da ke kan mai jinya

A asibitocinmu ɗan'uwan da ke kwana da mara lafiya, wanda ake kira gardi-malad, shi ne yake sayo magani, ya kai samfuri, ya yi wanki. Aikinsa yana da tasiri a kan sakamakon jinya.

Ya faɗa wa likita gaskiyar duk abin da mara lafiya ya sha ko aka yi masa allurarsa cikin wata uku da suka wuce, har da na kasuwa da na gargajiya, ya kawo kwalayen idan suna nan. Ya faɗa idan an taɓa kwantar da shi a wani asibiti, a Garwa ne, a Kano, a Masar ko Indiya. Wannan bayani yana iya sauya maganin da za a fara da shi.

Ya ɗauki kuɗin gwaji a matsayin wani ɓangare na kuɗin magani. Gwajin da ya nuna ƙwayar yana iya hana kashe kuɗin mako guda a kan allurar da ba ta aiki.

Ya sayi abin da aka rubuta a farmasin asibiti ko farmasi mai lasisi. Idan kuɗi za su yanke, ya sanar da likita tun da wuri, domin tsallake allura ga mai sefsis haɗari ne babba. A nan kwamitocin masallatai da 'yan agaji suke da rawar takawa. Asusun da zai biya wa mabuƙaci gwajin jini da allurar kwanakin farko yana da amfani ƙwarai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Yana da haƙƙin yin tambaya cikin ladabi: Likita, an ɗauki samfuri? Yaushe sakamako zai fito? Kwana nawa za a yi ana wannan allura? Har yanzu ana buƙatar robar fitsarin nan?

Ladubban dubiya

Gaishe da mara lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma daga cikar wannan haƙƙi kada mai dubiya ya zamo sanadin cutarwa. A shiga ɗaya ko biyu gwargwadon izinin ma'aikata, saura su yi addu'a daga waje. A wanke hannu kafin shiga da bayan fita: da sabulu da ruwa daƙiƙa 40 zuwa 60, ko da ruwan goge hannu daƙiƙa 20 zuwa 30. Kada a zauna a gadon mara lafiya, kada a taɓa robobi da bandeji, kada a zagaya gadaje ana musabaha. Mai mura ko gudawa ya haƙura ya aiko da gaisuwa. Duk abin da iyali suke so a ba mara lafiya ya sha, ko a shafa masa a rauni, a fara tambayar likita, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa ko ruwa kaɗan zai iya sarƙe shi ya gangara huhu.

Wasu suna ƙyamar ruwan goge hannu saboda sinadarin alkohol da ke cikinsa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na 16 a Makka a Janairun 2002, ta halatta amfani da alkohol wajen tsabtace rauni da kashe ƙwayoyin cuta a bayan fata.

Antibiyotik da azumi

Maganin da aka rubuta a sha duk awa 8 ba ya yiwuwa a matse shi tsakanin buɗa-baki da sahur, domin ƙarfinsa zai faɗi a jini da rana, ƙwayar ta farfaɗo. Mai azumi ya tambayi likita ko akwai makamancinsa da ake sha sau ɗaya ko sau biyu a yini. Idan babu, Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwamen ajiye azumi ya rama bayan ya warke, kamar yadda ya zo a ayoyin azumi na Suratul Baƙara. A kowane hali a sha magani iya kwanakin da likita ya yanke. Kada a tsaya don an ji sauƙi, kada kuma a ƙara kwanaki don neman tabbaci.

Alamomin da ba a jira da su

A garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne, idan mai zazzaɓi ko mai rauni ya fara ruɗewa ko barcin da ba a iya tashinsa, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko hannuwa da ƙafafunsa suka yi sanyi, ko wuyansa ya sanƙare. Haka jaririn da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi fiye da kima, ko cibiyarsa take fitar da mugunya, da mai jegon da ta yi zazzaɓi tare da ciwon mara ko jini mai wari. Kwana biyun da akan ɓata ana gwada kafso a gida su ne sau da yawa suke mayar da ciwon da za a iya magancewa a asibitin gundumar New Bell ya zama na sashen gobe-da-nisa.

Muna kira ga limamai da malaman Islamiyya su riƙa shigar da wannan bayani cikin huɗuba da karatu, ɗalibai kuma su isar da shi ga iyayensu mata a cikin gidaje, domin su ne suka fi ɗawainiya da marasa lafiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da ma'aikatan asibiti da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin.